Jigidar da Ta Tsinke a Gindin Ƙarfe

Shafi na 23

Masu zagin Lombe a ƙarƙashin shafin jiya, duk na gan ku, har da baiwar Allahn da ta ce in miƙo mata ita ta wanke ta da mari. Ku adana marin tukuna, don abin da ta yi jiya wasa ne a kan na yau. Ni kaina da nake rubutawa sai da na ajiye waya na sha ruwa.

*

"Kada wadda ta ɗaga ta! Na ce ku ja baya!"

Anti Inonge, mai makarantar motsa jiki a kan sandar ƙarfe, ta zube gwiwa biyu ta tallafe kan Bupe da tafukanta. An kashe kiɗa. Bupe na kwance a gindin sandar ƙarfen da ta faɗo daga kai, rabin jikinta a katifa, rabi a kan katako, kafaɗarta ta hagu ta zame daga inda Allah ya ajiye ta.

"Bupe, kina ji na? Motsa min yatsun ƙafa."

Suka motsa.

"Na hannu fa?"

Suka motsa, amma sai da ta saki wata ƙara da ta sa kowa runtse ido.

"Yawwa, sannu. Da alama ƙashin kafaɗa ne, amma ba na wasa da wuya. Ba za ki ɗaga ba sai motar asibiti ta zo."

Lombe na jingine da madubi, hannu biyu dafe da ƙugu kamar mai ciwon mara. Ba ciwo take ji ba. Sauran duwatsun take tarewa kada su zubo.

Ƙasan ɗakin kuwa duwatsun jigida ne warwatse, ja da fari da baƙi, wasu har ƙarƙashin benci. Su ta taka ta zame, daidai lokacin da ta ce wa Bupe, "Saki hannu, ina nan." Bupe kuma ta saki, don haka ake koya musu: in kin kife kai ƙasa a kan ƙarfe, ranki na hannun mai tare ki, in ta ce saki, ki saki. Ta saki, ta tarar ba kowa.

Kowa ya ga Lombe ta zame. Ba wadda ta ga inda duwatsun suka fito, don idon kowa na sama.

Ita ta sani. Tun tana sama a kan ƙyallen lilo, tana nuna musu yadda ake naɗa shi a ƙugu a sulalo, ta ji ya matse ta, ta ji wani abu ya ce ɗas a cikin wandonta. A nan ya kamata ta sauko ta ce, "Ku dakata, ina zuwa," ta shiga banɗaki ta kakkaɓe. Ko shan ruwa bai kai ba. To amma da wane baki? Ita da ta tsaya da safen nan gaban aji tana rera dokar makaranta da ƙarfinta, ba shafa mai a jiki, ba zobe, ba sarƙa, ba jigida? Ita da ta sa wata dattijuwar nas zare zoben aurenta da sabulu? Sai ta matse ƙugu ta ci gaba da aji, duwatsun suka bi ƙafar wando suka gangara abinsu.

Ga shi yau ce ranar gwajinta na zama malama. In ta wuce, ajin Asabar ya zama nata. Ga shi kuma Bupe ba baƙuwa ba ce, 'yar gwaggonta ce, ita ta jawo ta makarantar da hannunta.

Anti Inonge ta kira nas ɗin ta miƙa mata kan Bupe. Ta tashi ta murza wa ƙofa makulli, ta cusa shi a rigar mama. Ta ɗauki kofin shan ruwa ta shiga tsince duwatsun ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya faɗa kofin sai ya ce ƙwal, Lombe ta ji shi har tsakar kanta.

"Tunda na buɗe wurin nan ba a taɓa fitar min da mutum a kwance ba," in ji Anti Inonge, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ta wace ce?"

Matan suka dubi juna.

"Ba da bango nake magana ba. Ta wace ce?"

Lombe ta buɗe baki. Wallahi ta buɗe, ni shaida ce. Amma kafin numfashi ya zama magana, wata daga baya ta riga ta.

"Anti, ai Tisa ce ta zo da jigida yau."

Kawuna suka juya gaba ɗaya.

Tisa na tsaye gefen taga da gajeren wandonta, sabuwar ɗaliba ce, a wata mashaya take aiki can Kanyama, unguwar talakawan Lusaka. Tun zuwanta matan Kabulonga, unguwar masu kuɗi, ke matsar da jakunkunansu in ta zauna kusa. Ta dube su ta dafe ƙirji.

"Ni? A'a fa. Kada ku fara. Na cire tawa a gabanku kuna ta dariya, tana cikin jakata."

"Guda nawa kika zo da su?"

"Biyu, Anti."

"Ko uku, kin cire biyu kin bar ɗaya."

"Na rantse da kabarin ubana biyu ne! Kuma nawa na roba ne, masu ƙyalli. Waɗannan dubi su, na tsofaffi ne. Ni ina zan kai wannan?"

Wata ta taɓe baki. "Irinku ai har a wuyan ƙafa ɓoyewa kuke."

"Irinmu su wa? Ki faɗa mana, Madam mai mota. Irinmu su wa?"

"Ya isa!" Anti Inonge ta daka tsawa. Ta juyo wajen Lombe, fuskarta ta sassauta, abin da ya fi mari ciwo ke nan. "Lombe, sannu. Kin bugu?"

"A'a, Anti."

"Kada ki ɗora wa kanki. Tsayuwarki daidai ce, hannunki daidai ne, ina kallo. Ko ni ce a wurin sai na zame. Wadda ta zuba miki duwatsu a ƙafa ita ce ta kayar da yarinyar nan."

Lombe ta sunkuyar da kai. Da ƙasa za ta tsage ta shige, da ta gode mata.

"Na kira mahaifiyarta, tana hanya," Anti Inonge ta ƙara.

Lombe ta ɗago da sauri.

"Wa kika kira?"

"Mamanta mana. Ba gwaggonki ba ce?"

"Anti, da kin bari ni na..."

"In bari me? 'Yar mutane na kwance a ƙasana."

Lombe ta lallaɓa ta jawo zane daga jakarta ta ɗaura a kan wandon, ta ɗaure shi tamau. Wai ita nan ta yi dabara.

Gwaggo Nsofwa fa ba kowa ba ce illa mai horar da amare ta Chilenje gaba ɗaya, kuma shugabar zumuntar mata a coci. Amarya ba ta shiga ɗakin miji a unguwar sai ta durƙusa gabanta ta koyi yadda ake miƙa ruwa da yadda ake rufe sirrin ɗaki. Ita ta haɗa jigidar nan da hannunta, ita ta ɗaura wa Lombe ranar da za a kai ta gidan mijinta Katongo, ƙulli ne ba maɓalli ba. Ta ce mata, "Ba ta barin ƙugunki sai in mijinki ne ya tsinka, ko ni na tsinka a kan gawarki." Shi ya sa duk zaman Lombe a makarantar nan, sai dai ta tura ta ƙasa ta danne da robar wando. A kan ƙarfe ta sha tsira. Ƙyalle ne bai san kunya ba.

Abin da Gwaggo ta sani shi ne, kowace Asabar Lombe da Bupe na zuwa koyon waƙar coci.

Bugun ƙofar ma kaɗai ya isa ka san ita ce. Anti Inonge ta buɗe mata, ta sake kullewa.

Ta shigo da zanenta da ɗankwali iri ɗaya, da ƙatuwar jaka a hammata, da gani daga gidan wata amarya aka taso ta. Ta yi turus. Ta dubi sandunan ƙarfe daga ƙasa har rufi, ta dubi ƙyallaye na reto, ta dubi mata cinya a waje. Sannan ta hango 'yarta.

"Yesu na! Bupe!"

"Mama, kada ki taɓa ta," Anti Inonge ta tare ta. "Ki zauna kusa da ita, amma kada ki ɗaga ta."

"Ke wace ce da za ki hana ni taɓa abin da na haifa?"

"Ni ce mai wurin. In kika ɗaga ta wuyanta ya goce, ba mai gyara shi."

Gwaggo ta durƙusa tana shafa ƙafar Bupe, hawaye na zuba. Bupe ta rufe ido ta ƙi buɗewa.

"Nan ne cocin?" Gwaggo ta ce, ba ta ɗago ba. "Lombe, da ke nake. Nan ne ake koyon waƙar?"

"Gwaggo, ni ma kira na aka..."

"Ai ita ce malamarta," Anti Inonge ta katse ta, da zuciya ɗaya, tana ganin taimako take yi. "Kuma Mama, kada ki ga laifinta. Lombe ta fi kowa kiyaye doka a nan."

"Malama."

"Eh, Mama."

"Malamar hawa ƙarfe."

"Motsa jiki ne, Mama. Ga nas nan, akwai lauya, akwai..."

"Nas tsirara? Allah ya kyauta wa marasa lafiya." Gwaggo ta dubi Lombe tun daga ɗankwali har zanen da ta ɗaura a karkace, ƙafar wandon na leƙowa ta ƙasa. Ba ta ƙara ko kalma ba. Lombe ta gwammace a ce zaginta ta yi.

Anti Inonge ta miƙo kofin.

"Ga abin da ya jawo, Mama. Wata ce ta ɓoye jigida ta shigo min aji, ta tsinke, mai tare 'yarki ta taka ta zame. Kuma na yi miki alkawari ba mai fita sai na san mai ita."

Gwaggo ta karɓi kofin kamar ba ta so. Ta leƙa. Ta sa yatsa ta juya duwatsun.

Sai yatsan ya tsaya.

Lombe na kallo. Ta ga lokacin da Gwaggo ta ɗago wani babban dutse mai ruwan toka, mai ɓantare a gefe. Ta ga ta dunƙule shi a tafin hannu, ta mayar da kofin da ɗaya hannun.

"Kin san irinta, Mama?" in ji Anti Inonge. "An ce ke ce gwanar waɗannan abubuwan."

"Ta kasuwa ce," Gwaggo ta ce. "Irin ta 'yan iskan gari. Wa kuke zargi?"

Aka nuna Tisa.

Gwaggo ta auna ta sama da ƙasa, ta ja tsaki mai tsawo.

"Ai da gani ba tambaya."

"Mama, ki ji tsoron Allah!" Tisa ta ce. "Yau kika fara ganina!"

"Na gan ki, na gama ganinki." Ta miƙe tana dafa gwiwa. "Lombe, zo ki nuna min banɗaki."

Tana shiga ta tura ƙofar da ƙafa, ta jingina da ita.

"Kwance zanen."

"Gwaggo..."

"Kwance. Ɗaga rigar."

Lombe ta kwance, ta ɗaga. Sauran duwatsun da ta yi ta riƙo tun ɗazu suka zube a tayil, suna tsalle. Ƙugun nan fayau, sai jan shatin da ƙyalle ya bari, da guntun zare na lilo.

Gwaggo ta buɗe tafin hannunta.

"Kin san wannan?"

"Na sani."

"Faɗa min."

"Na Mama ne."

"Na uwarki ne. Ni na cire shi daga ƙugunta ranar da muka wanke ta. Na adana shi kina 'yar ficiciya, na ce sai ranar aurenki. Na sa miki shi don ya zaunar da ke a ɗakinki. Shi ne kika kwaso shi kika kawo gidan tsiraici, kika karya min 'ya da shi."

Lombe ta zame ta durƙusa a jiƙaƙƙen tayil ɗin.

"Gwaggo, ke kika ce kada in cire."

"Au! Ashe ni na karya ta."

"Ba haka nake nufi ba."

"Na ce kada ki cire. Na ce ki hau ƙarfe da ita? Ke da ubangijin ƙarfen, wa ya aike ki?"

"Tun haihuwar Mapalo bayana bai bar ni na yi barci ba, kin sani. A nan ya warke. Gwaggo, ko madubi ba na iya kallo a da. A nan ne kaɗai nake jin jikin nan nawa ne."

"Naki ne? To ga shi nan, kin ga abin da naki ya yi."

Lombe ta rufe fuska da tafuka. Kunya ce iri-iri ta taru ta danne ta, ta ƙaryar coci, ta tsiraicin ƙugunta gaban Gwaggo, ta dutsen uwarta da aka tsinto a kofin shan ruwa. Amma wadda ta fi cin ta ita ce ta "ina nan" ɗin da ta ce wa Bupe.

"Zan fita in faɗa musu," ta ce.

"Ki faɗa wa wa?"

"Anti Inonge. Tisa ba ta yi komai ba."

Gwaggo ta sunkuyo har Lombe na jin ƙamshin man da ta shafa.

"Yau Katongo zai dawo daga aiki a Solwezi, ko ba yau ba?"

"Yau ne. Da yamma."

"In ya ci tuwon nshima ya wanke hannu ya shiga ɗaki, me hannunsa zai fara nema? Ni na koya miki, kada ki yi min fuskar yarinya. Ya laluba ya ji wayam, ki ce masa me? Ɓera ya ci?"

Lombe ta kawar da kai gefe.

"Mutumin da ke cikin rami yana haƙar tagulla don ku ci, ya ji matarsa na nan tana wage ƙafa a kan ƙarfe, har jigidar aurensa ta watse mata suna tsincewa a kofi. Kin san danginsa. Kafin gari ya waye sun zo ɗaukar Mapalo."

"Gwaggo, don Allah..."

"Saurara. Akwai duwatsun amaryar yau a jakata, da zare. Daga asibiti mu wuce gidana, in haɗa miki wata, in sa na uwarki a tsakiya, in ƙulla. Ba mai ji, ba mai gani. Ke kuma ƙafarki ta bar wurin nan har abada."

"Tisa fa?"

"Wace ce Tisa? 'Yar mashayar? Wannan ta saba, kunya ba ta kashe irinsu. Ke matar aure ce. Ni kuma amaren Chilenje ta hannuna suke wucewa. A ji cewa wadda na horar, jinina, ita ce... Wa zai sake kawo min 'yarsa? Tsince waɗannan. Duka. Ko ɗaya kada ki bari."

Lombe ta bi tayil da gwiwa tana tsince duwatsun aurenta har bayan masai, tana zuba wa Gwaggo a jaka. Ta mayar da zanenta. Ta wanke fuska, amma ta kasa kallon madubin da ke saman famfon.

Da suka fito, an zazzage jakar Tisa a kan benci. Ga jigidunta biyu na roba, ga takalmin aiki, ga ragowar soyayyen rogo a leda. Tisa na tsaye, ta daina masifa, abin da ya fi ban tausayi ke nan.

"Kwashe kayanki," Anti Inonge ke cewa. "Kuma ki sani, mu masu koyar da wannan abin a Lusaka ba mu da yawa, duk mun san juna. Yau zan gaya musu. Ba wadda za ta sake barinki ki taɓa mata ƙarfe."

"Anti, kada ki yi min haka. Kin san dalilin zuwana. So nake in koya da kyau in bar wancan wurin, in koyar kamar ku."

"Mai koyarwa ba ta ɓoye abin da zai kashe ɗalibarta."

Kalmar ta sauka a bayan Lombe kamar bulala.

Tisa ta hango ta, idonta ya yi haske, ta taho da sauri ta kama hannunta.

"Yawwa, Malama Lombe! Ke kika duba ni. Ke da kanki kika ɗaga min riga, kika shafa ƙuguna, kika ce in juya. Har kika ce, 'Yanzu kin zama 'yar aji.' Ki gaya musu. Akwai saura a jikina?"

Idanu suka koma kan Lombe.

"Lombe?" in ji Anti Inonge. "Maganarki ta ishe ni. In kin ce kin duba ba komai, na yarda, in nemi mai ita a wani wurin."

Kun ji fa. Ƙofa a buɗe, ko sunan kanta ba sai ta kira ba. Ta ce "na duba, ba komai," shi ke nan ta wanke yarinyar mutane. Amma in an bar Tisa, wa za a ɗaga wa riga? Kowa. Kuma shatin nan na nan ja wur a ƙugunta.

Farcen Gwaggo ya nutse a damtsenta ta baya.

"Na duba..." Lombe ta ce.

"Yawwa!" in ji Tisa.

"...amma sama-sama. Ban duba ƙasan wando ba."

Tisa ta saki hannunta a hankali. Ba ta yi ihu ba, ba ta yi zagi ba. Kallonta kawai ta yi.

"Malama," ta ce. "Ke ce fa kaɗai ke amsa gaisuwata a nan."

Ta juya ta fara tura kayanta a jaka, har da rogon.

Ni dai a nan na tsani Lombe, ba zan ɓoye muku ba. Ita ma ta tsani kanta. Ta tsaya tana kallon yatsun ƙafarta, bakinta ɗaci kamar ta tauna maganin zazzaɓi, Anti Inonge kuma na dafa kafaɗarta tana cewa, "Ba komai, darasi ne, gobe kya duba da kyau. Ajin Asabar naki ne har yanzu."

Jiniya ta tsaya a ƙofar gida. Anti Inonge ta zaro makulli ta buɗe, maza biyu suka shigo da gadon ɗaukar mara lafiya. Suka sa wa Bupe abin tallafe wuya, suka ɗaure hannun a ƙirji, suka ɗaga ta tare. Tisa ta raɓe gefe da jakarta tana jira su wuce ta bi bayansu.

Sun kai bakin ƙofa Bupe ta buɗe ido.

"Ku tsaya."

"Yi shiru, 'yata, mu je a duba ki," in ji Gwaggo.

"Ku tsaya na ce. Anti Inonge."

"Ga ni, Bupe."

"Kada ki kori Tisa. Ba tata ba ce."

Gwaggo ta yi wuf ta sha gaban gadon. "Zafin ciwo ne ke sa ta sambatu. Ku tafi da ita mana, me kuke jira?"

"Mama, kafaɗata ce ta karye, ba idona ba."

Anti Inonge ta ɗaga wa mazan hannu. Ta matso ta sunkuya.

"Me kika gani?"

"Ku duk sama kuke kallo," Bupe ta ce, tana jan numfashi da ƙyar. "Ni a kife nake. Ƙasa nake kallo. Na ga ƙafar wandon da suke fitowa, ɗaya-ɗaya, tun kafin a ce in saki. Na ɗauka idona ne ke juyawa."

"Ƙafar wa?"

Bupe ba ta iya juya wuya ba, sai idon ta juya. Ya wuce uwarta, ya wuce nas, ya wuce Tisa, ya tsaya. Hawaye ya gangara ya shige mata kunne.

"Yaya Lombe," ta ce. "Tun ɗazu nake kwance ina jiranki. Na ce Yayata ba za ta bari ba. Har kika shiga banɗaki kika fito, ina jira."

Jakar Tisa ta faɗi ƙasa. Bupe ba ta ɗauke ido daga kan Lombe ba.

"Ke za ki faɗa, ko ni in faɗa?"